Yadda ake haɗa bot-bot na Eggdrop su zama runduna ɗaya mai gadin zauren hira

Duk wanda ya taɓa riƙe zauren hira a IRC, tsohuwar hanyar hira ta rubutu a intanet, ya san wannan tashin hankalin, ka kwanta bacci zaure lafiya lau, ka tashi ka tarar babu mai op ko ɗaya, wato mai ikon kora da hani a zauren, ko kuma wani baƙo ne zaune da alamar @ a gaban sunansa ya kori kowa ya kulle ƙofa. Mutum bazai iya gadi dare da rana ba, shi yasa ake ajiye bot, wato manhajar da ke zama a zaure tana gadi a madadinka. To amma bot ɗaya ma in injin da yake kai ya mutu shikenan zaure ya koma ba mai shi, sai aka koma haɗa biyu ko uku suna magana da juna ta bayan fage, rajistar mutane ɗaya, jerin waɗanda aka hana shiga ɗaya, in ɗaya ya faɗi sauran su riƙe. Wannan haɗin shi masu harkar ke kira botnet, kuma kar sunan ya firgita ka ɗan'uwa, ba ruwansa da waccan botnet ɗin ta ɓarayi masu kama kwamfutocin mutane ba da saninsu ba. Wannan naka ne, a kan injinanka, da izinin masu zauren.

Manhajar da zamu yi aiki da ita ita ce Eggdrop. Robey Pointer ne ya rubuta ta a watan Disamba 1993, shekara biyar bayan Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiri IRC ɗin kanta a Finland a 1988, kuma har yau ana ci gaba da gyara ta. Na haɗa irin wannan runduna sau da yawa, kuma abin da nake so ka riƙe tun kafin mu fara shi ne yawan bot ba shi ne tsaro ba. Duk bot ɗin da ka ƙara, ƙofa ce ka ƙara wa gidanka. Abin da ke tsare zaure shi ne umarni ya riƙa gangarowa daga wuri ɗaya tak, wurin da ka killace sosai, kar ya riƙa haurowa daga ƙasa.

Kayan da zaka tanada

Inji mai Linux guda biyu aƙalla, uku yafi. Ƙaramin VPS, wato injin haya a intanet, ya isa domin Eggdrop ba ta da cin ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Amma dan Allah kar ka ɗauke su duka a kamfani ɗaya a gini ɗaya, in wuta ta ɗauke musu ko layinsu ya yanke duk rundunar zata faɗi lokaci guda, kaga ba a yi komai ba kenan.

Eggdrop fitowa ta 1.9 ko sama da haka, kuma iri ɗaya a duk injinan. Fitowa ta 1.8 a 2016 ce ta kawo TLS, wato lulluɓe zancen da ke tsakanin bot da bot, ta 1.9 a 2021 kuma ta kawo SASL da sabuwar hanyar adana kalmar sirri. In ka ga wani tsohon bayani na 1.6 a intanet ka wuce shi kawai, a can komai a fili yake tafiya.

Sai Tcl da OpenSSL da kayan harhaɗa manhaja, sai manhajar shiga IRC irin HexChat ko WeeChat ko irssi, sai asusun NickServ, mai rajistar sunaye a IRC, daban ga kowane bot in hanyar sadarwar tana da shi. Ka kuma karanta dokokin hanyar sadarwar game da bot kafin ka shigo da su, galibinsu suna iyakance yawan haɗin da zai fito daga adireshi ɗaya, wasu kuma suna ɗaukar tarin bot a matsayin hari su toshe ka gaba ɗaya.

In ba ka da inji uku ba komai. Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta a ɗaki zata iya zama ɗaya daga cikin 'ya'yan, wato bot ɗin da ke rataye da bot ɗin tsakiya da ake kira uwa, tunda ɗa ne ke kiran uwa ba sai ka buɗe wata ƙofa a rautar gida ba. In inji ɗaya kawai gareka, ka kunna bot biyu a kai kowanne ya shiga ta sabar IRC daban, zai taimaka maka lokacin tsinkewar sabobi amma bazai cece ka ba in injin ya mutu.

A misalin nan zan kira bot ɗin tsakiya Uwa, sauran biyun Dogari da Zagi, zauren kuma #zaure. Adiresoshin da zaka gani na misali ne, ka sa naka.

1. Ka fara killace injin kafin ka taɓa bot

Mutane na tsallake nan suna gaggawar ganin bot ya shigo zaure, alhali duk wanda ya samu shiga injin ya gama da kai, ba sai ya san kalmar sirrin bot ba, zai buɗe fayil ya karanta ne kawai. Ka ƙirƙiri asusu na musamman wanda bot zai zauna a ciki, mara ikon sudo. Eggdrop da kanta ƙin tashi take in ka kunna ta da root, kuma daidai tayi. Ka mayar da shiga SSH ta makulli kawai, ka sa PasswordAuthentication no a saitinta, amma ka gwada shiga da makullin ta wata taga daban kafin ka rufe wadda kake ciki, in ba haka ba zaka kulle kanka a waje. Sai ka kunna katangar tsaro, wato firewall, ka rufe komai sai SSH tukunna. Ka duba kuma agogon injinan duka yana daidai ta hanyar NTP, satifiket da wa'adin hani duk da agogo suke aiki.

2. Harhaɗawa da girkawa

A Debian ko Ubuntu:

sudo apt install build-essential tcl tcl-dev libssl-dev

Ka sauko da Eggdrop daga shafin Eggheads na asali, kar ka karɓi wanda wani ya riga ya harhaɗa ya miƙo maka a zaure komai yardar da kuka yi. Bayan ka warware fayil ɗin ka shiga ciki:

./configure
make config
make
make install
make sslcert

Ka tsaya ka karanta abin da configure ta rubuto. In ta ce ba ta ga OpenSSL ba kar ka ci gaba, domin bot zai iya haɗuwa ya tashi lafiya amma babu TLS, kai kuma kana can kana zaton zancenku a rufe yake. Umarni na ƙarshe zai samar da eggdrop.key da eggdrop.crt. Kowane bot da nasa makullin. Kar ka kwafi na Uwa ka raba wa 'ya'ya don sauƙi, ranar da aka sace na ɗaya an sace na kowa.

3. Saita Uwa

Ga shawarata wadda ban taɓa nadamarta ba: Uwa kar ta shiga IRC kwata-kwata. Aikinta riƙe rajista da haɗa 'ya'ya, ba hira ba. Bot ɗin da ba ya cikin zaure ba wanda zai ga adireshinsa balle ya kai masa hari. A fayil ɗin saitinta, wanda zan kira uwa.conf, ka sa alamar # a gaban layukan da ke loda server da irc da ctcp, ka bar channels da transfer da share da pbkdf2. Sauran abubuwan da zaka gyara:

set botnet-nick "Uwa"
set owner "sunanka"
listen +3333 bots
listen 127.0.0.1 4444 users
set ssl-privatekey "eggdrop.key"
set ssl-certificate "eggdrop.crt"
set reserved-portrange 2010:2020
set userfile-perm 0600
set private-user 1
set share-unlinks 0
set remote-boots 0
set must-be-owner 1

Alamar + ɗin nan da ke gaban 3333 ita ce ke cewa wannan ƙofar TLS ce, in ka manta ta komai zai yi aiki amma tsirara. Ƙofar mutane kuma na ɗaure ta a 127.0.0.1 ne don kada wani daga waje ya ma ganta, sai ka fara shiga injin ta SSH sannan ka ƙwanƙwasa daga ciki.

Layin da yafi kowanne daraja a nan shi ne private-user 1. Mutane da yawa na zaton tunda Uwa ce ke aika rajista to 'ya'ya karɓa kawai suke, ba haka bane, da zarar an haɗu duk canjin da aka yi a kan ɗa yana haurowa sama ya bazu ga kowa. Ma'ana wanda ya ƙwace Zagi zai iya ƙara kansa a rajista ya ba kansa op a duk rundunar. Da wannan layin Uwa bata karɓar ko wane canji daga kowa, dole duk wani gyara a zo wurinta a yi. Eh zai ɗan takura maka, kowane sabon op sai ka shiga Uwa ka ƙara shi, amma wallahi takurar ta cancanta.

Akwai layukan die da aka dasa a cikin fayil ɗin saitin da gangan don a tabbatar mutum ya karanta, bot bazai tashi ba sai ka nemo su ka goge. Bayan haka:

./eggdrop -m uwa.conf

Wannan -m ɗin karon farko kawai ake sa shi, shi ke ƙirƙirar rajista. Sai ka yi telnet 127.0.0.1 4444, in ta tambaye ka suna ka rubuta NEW, ka ba da sunan da ka sa a owner da kalmar sirri mai tsawo. Yanzu kana cikin partyline, ɗakin da kai da bot-bot ɗinka kuke ganawa, duk umarnin da ya fara da ɗigo a nan ake buga shi. Ka buɗe wa zauren rajista:

.+chan #zaure
.chanset #zaure +shared

Sai katanga. Ka buɗe 3333 da 2010 zuwa 2020 ga adiresoshin 'ya'yanka kaɗai:

sudo ufw allow from 198.51.100.20 to any port 3333 proto tcp
sudo ufw allow from 198.51.100.20 to any port 2010:2020 proto tcp

Waɗannan ƙofofin na 2010 zuwa 2020 su ne inda ake miƙa fayil ɗin rajista, daban suke da ƙofar haɗuwa. Nan ne mafi yawan sababbi ke maƙalewa, sai ka ga bot sun haɗu sumul amma rajista ta ƙi zuwa, haɗin ya tsinke ya dawo ya tsinke, mutum ya kwana yana canza kalmar sirri alhali katanga ce ta tare. In ɗan naka a gida yake adireshinsa na canzawa kullum, ka haɗa injinan da WireGuard sai ka buɗe ƙofofin ga adireshin cikin ramin kawai. In kuma Uwa ce ke bayan rauta to sai ka cika nat-ip da adireshinta na waje.

4. Saita 'ya'ya

Su ne zasu shiga zaure, don haka server da irc da channels da transfer da share duk a lode. Misali a Libera.Chat:

set nick "Dogari"
set botnet-nick "Dogari"
set net-type "Libera"
server add irc.libera.chat +6697
set sasl 1
set sasl-username "Dogari"
set sasl-password "kalmar-asusun-bot"
set learn-users 0
listen 127.0.0.1 4444 users

6697 ita ce ƙofar IRC mai TLS da aka saba. Amfanin SASL shi ne bot ya nuna shaidarsa tun a bakin ƙofa kafin ya shiga zaure, ba sai ya shigo da ainihin adireshinsa a fili sannan daga baya ya gabatar da kansa ba. Ɗa baya buƙatar ƙofar bots a buɗe tunda shi ke kira. Ka kunna shi da -m kamar yadda kayi wa Uwa, ka shiga ta telnet, ka yi .+chan #zaure da .chanset #zaure +shared. Akwai kuma umarnin hello da ake aika wa bot ta saƙon sirri don ya san mutum, ka kashe shi da unbind msg - hello *msg:hello tunda ba ka buƙatarsa.

A hanyar sadarwa irin EFnet inda kai ke zaɓen saba, ka sa Dogari a saba ɗaya Zagi a wata. In sabobi suka tsinke zaure ya rabu biyu, kowane ɓangare zai samu mai gadi. A EFnet ɗin ma wannan aikin yafi muhimmanci domin babu NickServ babu ChanServ mai rajistar zauruka da raba op, op ɗin da ke hannun bot ɗinka kusan shi ne duk abin da ka mallaka.

5. Haɗa su, kuma a nan ka nutsu

A kan Uwa:

.+bot Dogari 198.51.100.20
.botattr Dogari +sl
.botattr Dogari |+s #zaure

A kan Dogari:

.+bot Uwa 203.0.113.10 +3333
.botattr Uwa +hp
.botattr Uwa |+s #zaure
.link Uwa

Harafin s a wurin Uwa yana nufin ni zan aika masa rajista. Harafin p a wurin ɗa yana nufin ni zan karɓa daga gareta. h na cewa wannan ce uwata in na tashi in neme ta da kaina, l kuma na hana ɗa janyo wasu bot ya shigo da su ta bayansa. Wanda ke da sanda a gaba, wato |+s, shi ke sa a raba muƙaman wannan zauren musamman.

Ka karanta s da p ɗin nan sau biyu kafin ka danna. Rajistar mai aikawa tana share ta mai karɓa ne gaba ɗaya, ba gauraya su ake ba. Na taɓa juya su wani dare ina gaggawa, na sa p a kan uwa s a kan sabon ɗa wanda rajistarsa ba kowa sai ni kaɗai, ina kallon allo layi ya fito cewa an karɓi rajista, na buga .match * sai na ga suna ɗaya tak inda da akwai mutane sama da arba'in da aka shekara ana tarawa, da hane-hanensu duka. Abin da ya cece ni kwafin da na ajiye kwana biyu kafin nan ne. Tun daga ranar bana buga .link sai na yi .save da .backup na kuma kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri da hannuna.

Kar ka sa musu kalmar sirri da kanka, a haɗuwar farko su biyun zasu ƙirƙiri tasu su adana. In daga baya ka ga ana cewa kalmar bata yi daidai ba, ka buga .chpass Dogari a Uwa da .chpass Uwa a Dogari ba tare da ka rubuta komai a gaba ba, hakan zai goge tsohuwar su sake sabuwa. Ka sani fa, kalmomin mutane a rikiɗe ake adana su a rajista amma na tsakanin bot da bot a fili suke zaune a fayil ɗin, shi yasa muka sa 0600 ɗin can, kuma shi yasa bai kamata ka tura wa kowa fayil ɗin rajista ba ko da neman taimako kake.

Ka maimaita wa Zagi, sai ka buga .bottree, ya kamata ka ga Uwa a sama 'ya'ya biyu na rataye a ƙarƙashinta.

In kana son ƙarin mataki, Eggdrop na iya gane bot ko mutum ta zanen yatsan satifiket ɗinsa. Ana sa shi da .chfinger ga wani, .fprint ga kanka, sai a kunna ssl-cert-auth. Ka fara da 1. In ka sa 2 ya zama dole kowa ya zo da satifiket, wanda bai riga ya yi rajistar nasa ba ya kwana a waje, har da kai.

6. Mutane da muƙamai

Duk a kan Uwa zaka yi. Haruffan da zaka fi amfani da su: n mai gida, m manaja, t mai iko da haɗin bot, o op, f aboki wanda ba a hukunta shi kan yawan magana, p izinin shiga partyline, k a kore shi da ya shigo.

.+user Mataimaki
.chpass Mataimaki kalma-mai-tsawo
.+host Mataimaki *!*@user/mataimaki
.chattr Mataimaki |+o #zaure

Ka lura da sandar nan kuma. In ka rubuta +o babu sanda ka ba shi op a duk zaurukan da rundunar ke gadi, da sanda kuma a #zaure kawai. n kuwa kai kaɗai, ko kai da mutum ɗaya da zai riƙe in ba ka nan. Mai n na dindindin, wato wanda sunansa ke layin owner, yana iya buga .tcl, wanda ke nufin yana iya sarrafa injin kansa ba bot kawai ba, don haka in ba ka amfani da shi ka cire shi da unbind dcc n tcl *dcc:tcl a saitin kowane bot.

Sai maganar harafin a da saitin +autoop, wato bot ya ba mutum op da ya shigo saboda adireshinsa yayi kama da wanda ke rajista. Ni dai bana sa shi. Suna a IRC kowa na iya ɗauka, adireshi kuma sau da yawa mutane da dama ke tarayya a kai, masu shigowa ta burauza ko ta VPN ɗaya ko ta layin waya ɗaya. Ka rubuta wa mutum hostmask, wato tsarin adireshin da ake gane shi da shi, mai faɗi irin *!*@*.kamfaninsa ka haɗa da a, to ka ba duk kwastoman wannan kamfanin op kenan ba ka sani ba. Gara mutum ya shiga partyline ya buga .op da kansa, ko a ɗaure shi da asusunsa na NickServ inda hanyar sadarwar ke ba da dama. Akwai /msg Dogari op kalma, tana aiki, sai dai kalmar na ratsa sabar IRC, kuma kuskuren harafi ɗaya a sunan bot zai kai ta hannun wani.

Su ma bot ɗin sai sun san juna a matsayin op. Ka yi .chattr Dogari +fo da .chattr Zagi +fo, ka sa wa kowanne .+host ɗinsa daidai, matsattse ba mai taurari da yawa ba. Inda akwai ChanServ ka ba asusun kowane bot ikon op a can, sai a kan kowane ɗa:

.chanset #zaure need-op putserv "PRIVMSG ChanServ :op #zaure"

Inda babu ChanServ, akwai getops.tcl da ke zuwa a cikin jakar scripts, shi ke sa bot ɗin da ya rasa op ya roƙi ɗan'uwansa ta cikin botnet. Game da sauran rubutattun Tcl da ake samu a intanet, duk wanda ba ka karanta ka fahimta ba kar ka loda shi, yana gudana ne da cikakken ikon bot ɗin.

7. Raba musu aiki

Saitin zaure na .chanset baya bin rajista, kowane bot da nasa, kuma wannan alheri ne. In ka sa duka su zama masu hukunci, mutum ɗaya zai yi ambaliyar saƙo sai bot uku su rufar masa lokaci guda, kora uku hani uku, in masu harin da yawa ne sai bot ɗinka su yi ta aika umarni har sabar ta yanke su da kanta saboda Excess Flood, wanda dama abin da maharan ke nema kenan. Don haka Dogari shi ne mai hukunci:

.chanset #zaure flood-chan 10:15
.chanset #zaure flood-join 5:30
.chanset #zaure flood-deop 3:10
.chanset #zaure +enforcebans +dynamicbans +protectops

Lambar farko yawan abu, ta biyu daƙiƙoƙi, wato layi 10 cikin daƙiƙa 15. Waɗannan mafari ne kawai, ka zauna ka kalli yadda zaurenka ke hira na 'yan kwanaki sannan ka daidaita, zauren da ake liƙa dogon rubutu ba ɗaya yake da na gaisuwa ba. Shi kuma Zagi ka sassauta masa lambobin sosai, aikinsa ya riƙe op yayi shiru, ya mayar wa Dogari in an ƙwace.

+dynamicbans na da daɗi domin jerin hani na sabar IRC yana da iyaka, bot sai ya riƙe hanin a ƙwaƙwalwarsa ya ɗora shi kawai lokacin da mai laifin ya leƙo. +bitch na ƙwace op daga duk wanda ba ya rajista, yana da amfani a EFnet, amma inda ChanServ ke ba mutane op zaka ga suna ta ja-in-ja, wannan ya bayar wannan ya ƙwace, zaure ya cika da hayaniya. +revenge kuwa ka bar shi a kashe, bot mai ramuwa yakan hukunta mutanenka ne akan kuskure fiye da yadda yake kama maƙiyi.

Hani kuma a Uwa zaka sa shi ya sauka ga kowa:

.+ban *!*@192.0.2.55 #zaure %0d2h0m ambaliya

Wannan na awa 2 ne. Ka riƙa sa wa'adi da dalili, adireshi na canza hannu, bayan wata shida wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba zai gaji hanin wani.

8. Tashi da kansu, sannan gwaji

A cikin scripts akwai autobotchk, ka gudanar da shi da sunan fayil ɗin saitinka zai rubuta maka crontab da zai riƙa leƙa bot lokaci lokaci ya tashe shi in ya mutu. In ka fi sabawa da systemd shi ma yayi.

Sai ka gwada tun ana zaman lafiya. Ka kashe Dogari ka gani ko Zagi ya riƙe op, ka jira ka gani ko Dogari ya dawo ya haɗu da Uwa ba ka taɓa komai ba, ya kuma karɓi op ɗinsa. Ka kashe Uwa, 'ya'ya su ci gaba da gadi da rajistar da ke hannunsu. Ka sake kunna injin gaba ɗaya. Ka shigo da wani suna daban kayi ambaliya da gangan, bayan ka sanar da mutanen zaure. Sannan gwajin da yafi muhimmanci, ka shiga Zagi ka ƙara wani sunan ƙarya ka ba shi +o, ka koma Uwa ka buga .whois a kansa. In Uwa ta ce bata san shi ba to private-user na aiki. In ta san shi ka koma mataki na 3 ka gyara ka yi .rehash kafin ka ci gaba da komai.

Akwai harafin a na .botattr da ke naɗa uwa ta biyu in ta farko ta ɓace. A ƙaramar runduna ban cika sa shi ba, domin uwa ta biyu na nufin wuri na biyu da sai ka killace kamar na farko.

9. Ranar da ka zargi an shiga ɗaya daga ciki

Alamomin su ne bot ya ba wanda ba ka sani ba op, ko ka ga shiga partyline a lokacin da ba kowa a cikinku, ko fayil ya canza ba kai ka taɓa ba. Kar ka tsaya bincike tukunna, ka fara yanke shi. A Uwa:

.unlink Zagi
.botattr Zagi -s+r

r ɗin zai sa a ƙi karɓarsa ko ya dawo. Ka goge layinsa a katangar Uwa, ka cire masa o a rajista da kuma wurin ChanServ, ka sauke masa op a zaure, ka canza kalmar asusunsa na NickServ. Tunda kwafin rajista gaba ɗaya na kan wancan injin, ka ɗauka an kwashe shi, duk mai suna a ciki ya canza kalmar sirri a ranar, kai ne na farko. Ka duba .match * da .bans all a Uwa layi layi ko an cusa wani abu.

Injin da aka shiga kuma ba a wanke shi, sabon girki ake masa daga tushe. Sabon makullin SSH, sabon make sslcert, sai ka yi .-user Zagi a Uwa don tsohuwar kalmarsu ta tafi, ka sake buɗe masa katangar Uwa, ka ƙara shi kamar baƙo daga mataki na 5, ka yi .backup kafin ka buga .link.